Najdorf ko Caro-Kann: Wacce Za Ka Riƙe Idan An Buɗe Maka da 1.e4?

A gasar ces, wato darar Turawa (chess), mai zagaye shida ko bakwai, kusan rabin wasanninka da baƙaƙen 'ya'ya za ka buga su, kuma da wuya gasar ta ƙare ba a tura maka sojan gaban sarki gida biyu ba, wato 1.e4. Amsar da za ka bayar ba a kan allo ake nemo ta ba agogo na tafiya. Tun daga gida ake zaɓenta, a zauna da ita shekara ɗaya ko biyu har hannu ya saba. Daga cikin amsoshin da masu makin FIDE (hukumar ces ta duniya) tsakanin 1400 da 2000 suke yawan kai-komo a kansu akwai Najdorf, wadda reshe ce ta kariyar Sisiliya, da kuma Caro-Kann. Dukkansu ingantattu ne, zakarun duniya sun dogara da su a wasannin da ba a wasa da su. Inda suka rabu shi ne abin da kowacce take nema daga wurinka. Najdorf lokacin karatu take ci da ƙarfin hadda. Caro-Kann haƙuri take nema, da iya zama a matse ba tare da zuciya ta ɗebe ka ba.

A rubutun taku, K sarki ne, Q sarauniya, R hasumiya, B bishof, N doki. Soja ba shi da harafi, sunan gidan da ya sauka kawai ake rubutawa. Sunan kowane gida harafi ne daga a zuwa h da lamba daga 1 zuwa 8. Alamar x ci ce, alamar + farmaki ne kan sarki, O-O ɓoye sarki ne a gajeren ɓangare, O-O-O a dogon ɓangare. Ɗigo uku kafin taku, kamar ...a6, suna nuna takun baƙaƙe ne. Hafsa kuwa shi ne kowane ɗa da ba soja ba. Ka ajiye allo a gabanka kana bin takun da hannu, domin karatu kawai ba zai nuna maka inda haɗarin yake ba.

Abin da Najdorf take yi

Ana isa gare ta da 1.e4 c5 2.Nf3 d6 3.d4 cxd4 4.Nxd4 Nf6 5.Nc3 a6. Sunan Miguel Najdorf ta ɗauka, ɗan asalin Poland da ya zauna a Ajantina bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke yana gasar Olimpiyad ta Buenos Aires a 1939. Wannan ƙaramin taku na 5...a6 shi ne zuciyar tsarin. Yana hana doki ko bishof na farare sauka a b5, yana share fagen ...b5, kuma yana ba mai baƙaƙe damar buga ...e5 cikin kwanciyar hankali. Idan aka yi gaggawar buga 5...e5 ba tare da ...a6 ba, sai 6.Bb5+ ya zo, a yi musayar bishof ɗin da ke tsaron fararen gidaje, gidajen d5 da f5 su zama na abokin karawa.

Ribar da mai baƙaƙe ya samu tun a taku na 3 ita ce ya ba da sojan gefe ya karɓi na tsakiya. Yana da sojoji biyu a tsakiya, farare suna da ɗaya, ga kuma layin c a buɗe ga hasumiyarsa. Idan aka kai ƙarshen wasa lafiya, sau da yawa tsarin sojojinsa ne ya fi kyau. Matsalar ita ce kaiwa can ɗin. A taku na 5 hafsa ɗaya tak ya fito da shi, mai farare yana da dawakai biyu a waje, kuma shi ke da taku.

A taku na 6 mai farare yana da hanyoyi masu nauyi aƙalla takwas: Bg5, Be3, Be2, Bc4, h3, f3, g3 da f4, ban da a4 da wasu ƙanana. Ba sauya kaya kawai ba ne, kowacce wasa ce dabam. Bayan 6.Be2 e5 7.Nb3 Be7 8.O-O O-O ana faɗa a hankali a kan gidan d5 da sojan d6 da ya rage a baya. Bayan 6.Be3 e5 7.Nb3 Be6 8.f3 Be7 9.Qd2 O-O 10.O-O-O Nbd7 11.g4 b5 12.g5 kuwa tsere ne: sarakuna suna ɓangarori dabam-dabam, kowa yana tura sojoji kan sarkin ɗan'uwansa, wanda ya yi taku ɗaya na banza ya makara. Bayan 6.Bg5 ba a buga ...e5, domin bishof ya riga ya takura dokin f6 da ke gadin d5, sai dai ...e6 ko ...Nbd7. Wanda ya haddace "a Najdorf ana buga ...e5" ba tare da sanin dalili ba, a nan yake fara tuntuɓe.

Wasan da ya fi nuna halin wannan kariya an buga shi a birnin Gothenburg na Suwidin a 1955, a gasar share fagen neman kambun duniya. A zagaye guda 'yan Ajantina uku, Panno da Najdorf da Pilnik, suka riƙe baƙaƙe a gaban 'yan Tarayyar Sobiyet uku, Geller da Keres da Spassky. 'Yan Ajantinan sun shirya dabara ɗaya tare, dukkansu suka buga ta: 6.Bg5 e6 7.f4 Be7 8.Qf3 h6 9.Bh4 g5 10.fxg5 Nfd7. Tunanin yana da kyau. An ba da soja na ɗan lokaci, an kawar da sojan f4, don doki ya zauna daram a e5 inda babu sojan da zai kore shi.

Geller ne ya fara ba da amsa: 11.Nxe6 fxe6 12.Qh5+ Kf8 13.Bb5. Wannan taku na 13 ya cancanci a tsaya a kansa. Bishof ya sauka a gidan da sojan a6 zai iya cin sa, amma yana aiki biyu. Ya bar f1 don sarki ya ɓuya tare da farmakin hasumiya a layin f, kuma yana jiran dokin b8: ko ta c6 ko ta d7 dokin ya fito don tallafa wa ɗan'uwansa a e5, bishof zai ci shi. Dokin e5 da aka gina dukan dabarar a kansa ya rasa mataimaki. Panno ya ci gaba da 13...Ne5 14.Bg3 Bxg5 15.O-O+ Ke7 16.Bxe5 Qb6+ 17.Kh1 dxe5 18.Qf7+ Kd6 19.Rad1+ Qd4 20.Rxd4+ exd4 21.e5+ Kc5 22.Qc7+ Nc6 23.Bxc6, ya miƙa wuya. Najdorf da Pilnik suka gwada 13...Kg7, su ma suka sha kaye a hannun Keres da Spassky.

Abin lura shi ne dabarar ba matacciya ba ce. A 1958, a Portoroz, Bobby Fischer yana ɗan shekara 15 ya buga 13...Rh7 a gaban Gligoric, aka tashi kunnen doki. Ke nan akwai mafita, amma taku ɗaya ne a cikin dukan takun da ake iya yi, kuma manyan 'yan wasa uku da suka shirya a gida ba su same shi a kan allo ba. Haka Najdorf take a rassanta masu zafi. Ba hankali da ƙa'ida kaɗai ke fitar da kai ba, sai ka san takun da kansa.

Wannan ba labarin da ya wuce ba ne. Fischer, wanda ya fi kowa amincewa da cin sojan b2 mai guba, wato sojan da sarauniyar baƙaƙe ke ci ta jefa kanta cikin haɗari, ya sha kashi da shi a wasa na 11 na karawarsa da Spassky a Reykjavik a 1972: 6.Bg5 e6 7.f4 Qb6 8.Qd2 Qxb2 9.Nb3 Qa3, daga baya Spassky ya mayar da doki gida da 14.Nb1, sarauniyar Fischer ta rasa wurin numfashi. A Afrilun 2021, a gasar fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya a Yekaterinburg, Fabiano Caruana ya doke Maxime Vachier-Lagrave a wannan reshe ɗin, da shirin gida mai ɗauke da sadaukar da hafsa a 18.Bc4. Vachier-Lagrave yana cikin waɗanda suka fi kowa sanin Najdorf a zamaninsa. Idan shiri zai iya kama irinsa, mai maki 1700 ya san inda ya tsaya.

Akwai kuma abin da masu sha'awar Najdorf ba sa son ji. A matakin 'yan kulob, da yawa daga cikin abokan karawarka ba za su bari ka kai ga 5...a6 ba. Wani zai buga 2.c3, wani 2.Nc3 da 3.f4, wani 2.Nf3 d6 3.Bb5+, wani 4.Qxd4 a maimakon 4.Nxd4, wani kuma ya miƙa maka soja da 2.d4 cxd4 3.c3. Kowanne yana buƙatar amsa tasa. Ga misalin abin da rashin sani ke jawowa a na ƙarshen: 3...dxc3 4.Nxc3 Nc6 5.Nf3 d6 6.Bc4 Nf6 7.e5 Nxe5 8.Nxe5 dxe5 9.Bxf7+ Kxf7 10.Qxd8, sarauniya ta tafi a taku na 10. Hanya mafi sauƙi ita ce ƙin karɓar sojan da 3...Nf6, wanda ke mayar da wasan cikin reshen 2.c3 Nf6 3.e5 Nd5, ka rage karatu ɗaya. Duk da haka, zaɓen Najdorf yana nufin karatun kariyar Sisiliya kusan gaba ɗayanta, kuma kana iya ƙare gasa guda ba ka buga ainihin Najdorf ɗin ko sau ɗaya ba.

Abin da Caro-Kann take yi

Ita kuwa da 1.e4 c6 2.d4 d5 take farawa. Sunan Horatio Caro da Marcus Kann ta ɗauka, waɗanda suka yi nazarinta a shekarun 1880. Manufarta a fili take: a ƙalubalanci e4 da sojan d5 mai madogara, ba tare da an rufe wa bishof ɗin c8 hanya ba. A kariyar Faransa, inda ake buga ...e6 da wuri, wannan bishof ɗin yakan zauna a kulle rabin wasa. A Caro-Kann ana fito da shi f5 ko g4 tukuna, sannan a rufe ƙofa da ...e6. Farashin shi ne sojan c6 ya tare wa dokin b8 gidansa mafi kyau, kuma idan lokacin ...c5 ya yi, sojan ya yi tafiyar a taku biyu maimakon ɗaya.

Babban reshenta na gargajiya shi ne 3.Nc3 dxe4 4.Nxe4 Bf5 5.Ng3 Bg6 6.h4 h6 7.Nf3 Nd7 8.h5 Bh7 9.Bd3 Bxd3 10.Qxd3 e6 11.Bd2 Ngf6 12.O-O-O Be7. Kowane taku na baƙaƙe yana da dalilin da za a iya faɗa a jimla ɗaya: 6...h6 ya buɗe wa bishof mafaka, 7...Nd7 ya hana doki zama a e5, sauran kuwa fito da hafsoshi ne. Wanda ya manta jerin zai iya sake gano shi da tunani. Wannan shi ne babban bambancinta da Najdorf. Mai farare yana da fili, amma babu rauni a sansanin baƙaƙe, kuma sojan h5 da ya yi nisa yana iya zama abin farauta idan sarauniyoyi suka bar allo.

Yadda ake cin wasa da ita, Capablanca, zakaran duniya na lokacin, ya nuna shi a kan Nimzowitsch a New York a 1927: 3.e5 Bf5 4.Bd3 Bxd3 5.Qxd3 e6 6.Nc3 Qb6 7.Nge2 c5 8.dxc5 Bxc5 9.O-O Ne7 10.Na4 Qc6 11.Nxc5 Qxc5 12.Be3 Qc7 13.f4 Nf5. Dubi abin da ya faru. Mai farare da kansa ya yi musayar bishof ɗinsa mai kyau a taku na 4, ya rage da wanda sojojinsa na e5 da f4 suke tare wa hanya. Da Nimzowitsch ya tura 16.g4 don korar doki, Capablanca ya amsa da 16...Nxe3 17.Qxe3 h5, aka buga 18.g5, ɓangaren sarki ya kulle, gidan f5 ya zama na baƙaƙe har abada. Daga nan hasumiyoyi suka bi layin c suka shiga a hankali, har Nimzowitsch ya rasa takun da ba zai cuce shi ba, ya sallama a taku na 46. Babu sadaukarwa mai ban mamaki, matsi ne kawai da bai sassauta ba. Wanda bai ji daɗin bin wannan wasa ba, da wuya Caro-Kann ta dace da shi.

Sai dai kada a ɗauka ba ta da ramuka. Tana da su, kuma suna kusa da ƙofa. Mafi shahara shi ne wanda zakaran duniya Kasparov ya faɗa a wasan ƙarshe na karawarsa da kwamfutar Deep Blue a New York a watan Mayun 1997: 3.Nc3 dxe4 4.Nxe4 Nd7 5.Ng5 Ngf6 6.Bd3 e6 7.N1f3 h6 8.Nxe6 Qe7 9.O-O fxe6 10.Bg6+ Kd8 11.Bf4. Sarki ya maƙale a tsakiya, hafsoshi suna taka juna, wasa ya ƙare a taku na 19. Daidai shi ne 7...Bd6 tukuna, sai bayan 8.Qe2 a buga ...h6, domin a lokacin gidan f8 ya zama fanko, sarki yana da inda zai koma. A wannan reshe na 4...Nd7 akwai wani ramin da ya fi muni: 5.Qe2 Ngf6 6.Nd6, an kashe sarki a taku na 6, saboda sarauniya ta ɗaure sojan e7. Wannan ya sa 4...Bf5 ko 4...Nf6 5.Nxf6+ exf6 suka fi dacewa da mai farawa, a bar 4...Nd7 ga wanda ya yi karatunta kamar tsohon zakaran duniya Karpov.

Bishof ɗin da aka yi alfahari da fito da shi, shi ne kuma abin da farare suka fi farauta. Bayan 3.e5 Bf5 4.h4, wanda hannunsa ya saba da 4...e6 ya yi asarar bishof: 5.g4 Bg6 6.h5 Be4 7.f3, babu gidan gudu. Amsar ita ce 4...h5 ko 4...h6. Haka kuma idan mai farare ya fito da dawakai biyu, 2.Nc3 d5 3.Nf3, ba a bin tsarin gargajiya ido rufe. Bayan 3...dxe4 4.Nxe4 Bf5 5.Ng3 Bg6 6.h4 h6 7.Ne5 Bh7 8.Qh5 g6 9.Bc4, idan aka ci sarauniya da 9...gxh5 sai 10.Bxf7 ya kashe sarki, idan kuma aka kare da 9...e6 sai 10.Qe2 ya bar baƙaƙe da bishof a kabari da barazanar Nxf7. Dalilin shi ne mai farare bai ɓata taku a d4 ba, dokinsa ya riga ...Nd7 isa e5. Daidai shi ne 3...Bg4.

Bambancin waɗannan ramuka da na Najdorf shi ne ana iya ƙirga su. Guda huɗu ko biyar ne, ana koyonsu a zama biyu, kuma kowanne yana da dalili guda da ake riƙewa. Ragowar karatun Caro-Kann tsari ne: a reshen 3.e5 Bf5 4.Nf3 e6 5.Be2 ana neman ...c5 da wuri kafin a shaƙe. A reshen Panov, 3.exd5 cxd5 4.c4, ana koyon yaƙi da sojan d4 da ya rage shi kaɗai, a tare gidan d5, a yi musayar hafsoshi. A reshen musaya, 3.exd5 cxd5 4.Bd3 Nc6 5.c3, ana tura ...b5 da ...b4 don raunana c3. Ko wannan reshe mai kama da ruwan sanyi yana da haƙora, domin da shi Fischer ya doke Petrosian a Belgrade a 1970 bayan 5...Nf6 6.Bf4 Bg4 7.Qb3. Da yawa yanzu suna buga 5...Qc7 don hana bishof zama a f4. Sai 3.f3, wanda amsarsa mai kwanciyar hankali ita ce 3...e6.

Ainihin ciwon Caro-Kann ba tarko ba ne, lalaci ne. Mai baƙaƙe ya jera sojoji a c6 da d5 da e6, ya fito da hafsoshi, ya ɓoye sarki, sannan ya zauna yana jira. Mai farare kuma ya tara hafsoshi a ɓangaren sarki, ya tura f4 da g4 da f5, kafin a farga an shaƙe shi ba tare da ya yi kuskure ɗaya da za a nuna da yatsa ba. Duk wanda zai riƙe ta dole ya san cewa ...c5, wani lokaci ...e5 ko ...f6, ba ado ba ne. Idan taku na 12 zuwa 15 ya wuce ba ka buga ɗaya daga cikinsu ba, kuma ba ka da dalilin jinkirin, to akwai matsala.

Agogo, maki da yanayin gasa

A gasa mai minti 90 da ƙarin daƙiƙa 30 a kowane taku, doka ta wajabta rubuta kowane taku har ƙarshe, kuma babu waya, babu littafi. A Najdorf, idan hadda ta ƙare a taku na 11 a reshe mai zafi, taku uku ko huɗu na gaba suna iya cin minti 40, domin kowanne sai an lissafa shi har ƙasa. Sai ka isa taku na 25, inda wasan ke yanke hukunci, da minti 10 a agogo. A Caro-Kann takun farko 10 zuwa 12 suna tafiya da sauri, lokacin yana taruwa don tsakiyar wasa da ƙarshensa. Amma wasanninta sukan yi tsawo, taku 50 ko 60 ba abin mamaki ba ne. A gasar ƙarshen mako da ake buga zagaye biyu ko uku a rana, wannan gajiya ce ta gaske. A gasar gaggawa, inda kowa ke da ƙasa da awa ɗaya, Caro-Kann ta fi sauƙin riƙewa, sai dai idan Najdorf ɗin ta zauna maka a hannu sosai, a nan kuwa abokin karawa ne zai ƙone lokacinsa.

Maganar maki ita ce hujjar da masu Najdorf suka fi kafawa, kuma tana da gaskiya a cikinta. Idan ka fi abokin karawa da maki 200, lissafin Elo, wanda ake auna maki da shi, yana sa ran ka samu kashi 0.76 na wasan. Kunnen doki yana ba ka 0.5. Ga wanda ake ninka sakamakonsa da 20, wato mafi yawan manya masu ƙasa da 2400, asarar maki 5 ke nan da ɗoriya. Ga sabon shiga da bai cika wasa 30 ba, ko yaro ɗan ƙasa da shekara 18 da bai kai 2300 ba, ana ninkawa da 40, asarar ta haura 10. Saboda haka mai ƙarfi a gasar tsarin Suwis, inda a kowane zagaye ake haɗa masu sakamako iri ɗaya, yana buƙatar buɗin da zai ba shi damar cin na ƙasa da shi da baƙaƙe, kuma Najdorf tana hana mai farare samun hanyar kashe wasa cikin sauƙi.

Amma a ƙasa da 2000 wannan hujja ba ta da nauyin da ake ba ta. A wannan mataki wasanni ba sa ƙarewa kunnen doki saboda buɗi. Wani ne ke yin kuskure a taku na 30 ko 40, kuma wanda ya fi iya ƙarshen wasa ne ke tsinta. Caro-Kann tana kai ka wannan wuri da tsarin sojoji mai lafiya. Ranar da cin wasa ya zama dole, tana da nata makaman: 3.e5 c5 a maimakon 3...Bf5, ko 4...Nf6 5.Nxf6+ exf6 inda hafsoshi ke fitowa da sauri su fuskanci sarkin farare.

Akwai kuma abin da ya shafi sauran shirinka. Mai Caro-Kann yana da 'yar'uwa a shirye idan aka buɗe masa da 1.d4: kariyar Slav, 1...d5 2.c4 c6, tsarin sojoji iri ɗaya, bishof ɗin c8 yana fita ta hanya ɗaya. Da 1.c4 ma yana iya amsawa da 1...c6. Karatu ɗaya yana biyan buƙata uku. Najdorf ba ta da irin wannan dangi. Fischer da Kasparov sun haɗa ta da kariyar Indiya ta sarki da Grunfeld, Vachier-Lagrave da Grunfeld, kuma kowacce daga cikinsu wani dutsen karatu ne mai zaman kansa.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce?

Mai aiki ko ɗalibin da abin da yake iya ware wa ces bai wuce awa uku ko huɗu a mako ba, kuma makinsa bai kai 1800 ba, Caro-Kann ce tasa. Ya kashe mako biyu a kan ramukan da aka ambata, ya zaɓi amsa ɗaya tak ga kowane reshe, 3.Nc3 da 3.e5 da 3.exd5 da 3.f3 da dawakai biyu, ya haddace har taku na 10 ko 12, sauran lokacinsa ya ba wa dabarun ci da ƙarshen wasa na hasumiya da sojoji, domin can wasanninsa za su riƙa ƙarewa.

Najdorf ta dace da wanda lissafinsa ya fi haƙurinsa ƙarfi, yana da lokacin karatu kusan kullum, yana da koci ko aƙalla kwamfutar da zai duba rassa da ita, kuma ya yarda zai sha kaye da yawa a watannin farko. Yaro mai tasowa da sauri yana amfana da ita fiye da babba, domin tana koya masa kai hari da tare hari a lokaci guda, kuma haddarsa tana ɗauka. Ko shi ma kada ya fara da sojan b2 mai guba. A kan 6.Bg5 ya riƙe 6...Nbd7 ko 6...e6 7.f4 Be7 8.Qf3 Qc7, a kan 6.Be3 da 6.Be2 ya riƙe 6...e5, a kan 6.Bc4 ya riƙe 6...e6, kuma ya fara karanta 2.c3 da 3.Bb5+ da 2.Nc3 kafin ya nutse cikin manyan rassa, tunda su zai fi haɗuwa da su.

Wanda har yanzu yake shakka yana da hanyar gwaji mai sauƙi. Ya buga wasa 20 da kowacce a shafin intanet na Lichess ko Chess.com, a lokacin minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10, ba wasan minti 3 ba. Bayan kowane wasa kada ya dubi wanda ya ci, ya duba abu biyu: a taku na nawa ya daina sanin abin da yake nema a kan allo, da kuma minti nawa suka rage masa a taku na 20. Idan a Najdorf yana ɓacewa tun taku na 9 agogonsa ya cinye rabi, karatun bai kai ba tukuna. Idan a Caro-Kann yana samun kansa yana sadaukar da soja ba dalili don kawai wasa ya motsa, halinsa bai dace da ita ba, ya koma ga Sisiliya, ko da ta wani reshe mai ƙarancin hadda kamar 2...e6 da ...a6 ne kafin ya kai ga Najdorf.